Tsibirin da Zelma Ta Ɓatar

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Zelma Upmale a ɗakin katuna na Riga zai gaya maka abu biyu a kanta: ba ta yafe kuskure a kan kati, kuma ba ta taɓa zama ta ba ƙofa baya. Na farkon mun ɗauke shi halin malamai. Na biyun kuwa mun sha yi mata dariya a bayan idonta, muna cewa Malama miji take jira ya shigo. Da mun san abin da take jira, da dariyar ta maƙale mana a wuya. Sai wata uku kafin rasuwarta ta zaunar da mu ta ba mu labarin.

Aikinta tattara sunayen wurare ne. Ba sunan birni ko na kogi ba, waɗannan ko ɗan aji ɗaya ya san su. Sunan kwari, sunan wani fili, sunan dutsen da shanu ke sosa jiki a kansa, irin sunayen da babu su a taswira sai a bakin tsofaffi, in tsoho ya mutu su bi shi kabari. Kowane suna da katinsa, kowane kati da lambarsa da jar tawada a kusurwa, kuma dole a sami abu huɗu a kai: sunan yadda aka furta shi, inda wurin yake da yadda ake kai gare shi, wanda ya faɗa da shekarunsa da sunan gidansa, sai ranar da aka ji. In ɗaya ya ɓace, katin ya zama shara. Haka aka koya mata, haka ta riƙe kamar karatun addini.

Tana da shekara ashirin da biyu, a lokacin zafi na 1938, aka tura ta ƙauyen Silupe da keke da jaka cike da fararen katuna. Ta sauka a wurin wata bazawara, Trine ta gidan Lejas, gajeriyar mace mai baki kamar reza.

"Ke 'yar nan, wai da gaske biyanki ake yi ki rubuta sunan kududdufi?"

"Jami'a ce ta aiko ni, Inna."

"Allah ya ba jami'a lafiya. To cire takalman nan na 'yan birni, zo in nuna miki wanda ko mai wa'azin cocinmu bai sani ba."

Bayan gidan Trine fadama ce shimfiɗe iya ganinka, gansakuka a sama, baƙin ruwa a ƙasa, irin wadda ke haɗiye saniya har ƙaho. Ko a tsakiyar sanyi ba ta daskarewa sosai, saboda idanun ruwan da ke ƙarƙashinta. Trine ta tsaya a gindin wata bishiya da aradu ta tsaga, ta zura ƙafa cikin gansakuka, ta taka wani abu mai tauri. Gungume ne. Kakan mijinta, wani maƙeri, shi ya jera su a ɓoye tun zamanin da ake gudun aikin tilas na masu ƙasa. Suka yi awa biyu suna laluben itace da tafin ƙafa, sai ga busasshen tudu da itatuwa da idon ruwa mai daɗi. Kalejsala, wato Tsibirin Maƙeri. Murna ta hana Zelma cin abinci ran nan. Ta rubuta komai: daga tsagaggiyar bishiya taku nawa, inda ake karkata hagu, inda gungume biyu suka ruɓe sai an yi tsalle. A ƙasa ta sa: Trine, shekara hamsin da ɗaya, gidan Lejas. Lamba ɗari huɗu da sha biyu. Ba ta taɓa rubuta katin da ya kai shi kyau ba.

Yaƙi ya zo ya wuce, mulki ya sake hannu sau uku, katuna suna can ɗakin ƙasa suna shan ƙura. Sai watan Maris na 1949, da aka bi gida-gida da takardar sunaye, aka loda dubban manoma a taragun jirgin ƙasa na shanu aka yi gabas mai nisa da su, inda ba kowa ke dawowa ba. Ansis, ɗan Trine, yana cikin takardar, shi da matarsa Lonija. Da aka zo ba a same su ba. An titsiye tsohuwar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amsarta ɗaya ce: ba ta san inda suka shiga ba, fadama kuwa babu komai a cikinta sai sauro.

Da shekara ta zagayo, aiki ya sake kai Zelma yankin, ta biya ta gaishe ta. Ta tarar da Trine tana fitar da baƙin burodi daga tanda, manya guda biyar. Tsohuwa ita kaɗai a gida, haƙoranta ba su fi shida ba. A bayan tanda kuma, inda baƙo ba ya leƙawa, 'yan tsummoki ne farare ƙanana irin na jariri, an wanke an shanya. Zelma ta kalli burodi, ta kalli tsummoki, ta mayar da idonta kan takalmanta.

"'Yar nan," in ji Trine, ba ta ko juyo ba, "takardar nan da kika rubuta shekarun baya, tana nan?"

"Tana nan, Inna. Amma kwantar da hankalinki, na rantse ko ɓera ba ya karanta katunanmu."

"Ɓera ba ya karatu. Mutum nake tambaya."

Kamata ya yi Zelma ta cire katin tana komawa Riga. Ta yi niyya, har sau biyu ta sauka ɗakin ƙasa. Amma hannun da aka koya wa cewa kati amana ne ba ya saurin ɗaukar ashana, sai ta riƙa cewa gobe. Wannan sakacin ni dai ban yafe mata ba, ita ma ba ta yafe wa kanta ba.

Wata Litinin cikin watan Oktoba, da hantsi, ƙofa ta buɗe a bayanta, ta ji an kira sunanta gatsau.

"Zelma! Har yanzu kina nan kina kiwon katuna?"

Melnis ne, wanda suka yi aji ɗaya shekara biyu kafin ya watsar da karatu. Yanzu kaftin ne a ma'aikatar 'yan sandan ciki, wadda ba a ambatar sunanta da ƙarfi. Ya yi ƙiba, ya ƙara fara'a, ya ja kujera ya zauna ba a ba shi ba. Abokan aikinta biyu da ke ɗakin, nan take kowa ya tuna yana da uzuri a waje.

"Taswirarmu ta Silupe abin dariya ce," ya ce. "Kore kawai, kamar an ɓarar da fenti. Yarana biyu sun nutse har ƙirji makon jiya. Ina zaune sai na ce, kai, ai akwai mahaukatan da suka bi tsofaffi suna tambayar sunan kowace ciyawa. Abu huɗu a kowane kati, ko ba haka aka koya mana ba? Har da yadda ake zuwa wurin. Har da wanda ya faɗa."

 Zelma ta ce, "Akwatunan suna ɗakin ƙasa, Kwamared Kaftin, a hargitse suke tun yaƙi. Sun fi ɗari huɗu, rabi ba alama a jikinsu."

"Haba, Kwamared Kaftin kuma? Ni da ke?" Ya yi dariya ya miƙe. "Nemo shi. Alhamis da hantsi zan dawo. Ki duba mini kada ɓera ya ci lamba ko ɗaya, kin san ni da ƙirga."

Ɓera, kalmar da ita kanta ta faɗa wa Trine. Ta tsaya tana tunanin ko akwai wanda ya laɓe a bayan tagar Trine ran nan, ko kuwa bakinsa ne kawai ya faɗa a kai.

Ta san inda akwatin yake, ko an ɗaure mata ido za ta ɗauko shi. Da tsakar rana ta zare kati na 412 ta cusa a safa. Ƙona shi ba wuya, ga murhun ofis yana ci. Amma daga 411 a tsallaka 413 giɓi ne, kuma mutumin ya faɗa da bakinsa zai ƙirga. Dole wani kati ya maye gurbin, da lamba ɗaya, da sunan wani wuri daban. Wato dole ta ƙirƙiri suna. A sana'armu babu zunubin da ya kai wannan. Ɓarawon kati ana iya yafe masa, mai ƙaryar kati kuwa ya zuba guba ne a rijiyar da jikoki za su sha. In kuma ba ta yi ba, ranar Juma'a sojoji za su tsaya a gindin tsagaggiyar bishiya da katinta a hannu suna ƙirga taku, kuma sunan tsohuwar da ta rantse babu komai a fadama yana rubuce a ƙasa da kyakkyawan rubutu.

Sai matsalar takarda. Katunan kafin yaƙi masu kauri ne, launin madara. Na yanzu toka-toka ne, kamar ɓawon albasa. Ko makaho ya shafa zai bambance. Ta birkice durowa bakwai ba ta sami fari ko ɗaya na da ba. Wuri ɗaya ya rage, kuma ta san shi tun kafin ta fara birkicewar. A ɗakin kwananta akwai gwangwanin shayi, a ciki akwai katuna sittin da 'yan kai da ta rubuta da fensir a shekararta ta farko a jami'a. Kalmomin mahaifiyarta ne. Matar kiwon dinya take yi, manyan agwagin nan masu dogon wuya da masifa, kuma tana da kalmomin da ba su cikin kowane ƙamus: na kiran dinya, na zagin maƙwabci, na rarrashin yaro mai zazzaɓi. Ta rasu a shekarar ƙarshe ta yaƙi, gidan ma ya ƙone. Gwangwanin nan shi ne duk abin da ya saura.

Zelma ta zaɓi kati ɗaya, ta karanta kalmar sau uku, ta gutsuro tsokar baƙin burodi ta murza, ta goge fensirin da ita a hankali don kada takarda ta yi sheƙi.

Talata da safe, a teburinta, ta sirka tawada da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa. Ta rubuta Zoskalns, wato Tudun Dinya, wani ɗan tudu wai a bakin fadama inda ko yaro zai iya zuwa. Wanda ya faɗa: tsoho Mikus, wanda ya mutu tun 1941 bai bar kowa ba, don matacce ba ya amsa tambaya. Ta zura katin tsakanin 411 da 413, ta sauke ajiyar zuciya. Har ta ɗauki murfi za ta rufe, sai halin nata ya motsa, ta ce bari ta ɗan bi sauran da ido.

Kati na 388. Tsagaggiyar Bishiya: daga nan hanyar Kalejsala take farawa. Duba 412.

 Na 397, wani kududdufi: yana hannun dama in za ka Kalejsala. Duba 412. Na 405, na 430, na 431. Yarinyar nan mai shekara ashirin da biyu, don tsabar ƙwazo da son a yaba mata, duk inda ta sami dama sai ta ɗaure wani kati da wanda take alfahari da shi. Malamanta har jinjina mata suka yi a kan haka. Zelma ta bi katuna ɗari shida da arba'in ɗaya bayan ɗaya, ta sami goma da ke nuna tsibirin da yatsa. Ta zauna ta tsine wa ƙuruciyarta a zuci.

Kalmomin uwarta goma suka bi ta farko. Kowace sai ta maimaita ta a baki kafin ta goge, tana cewa za ta riƙe, amma tsoro ba ya barin komai ya zauna a kai. Guda huɗu kawai ta iya tunawa daga baya.

Laraba ita ce ranar da ta fi tsawo a rayuwarta. Dole ta yi aikin a ofis, don fita da akwatin laifi ne, kuma mai gadi yana duba jaka. Abokan aikinta suna zaune taku uku daga gare ta, ba ta san wane ne a cikinsu ke kai rahoto ba, ta dai san ba a rasa ɗaya. Ga shi dole rubutun ya fito irin na budurwa mai murna, zagaye-zagaye.  Duk takun da ta ji a matakala, alƙalami ya tsaya. Wani ya yi tari, ta rufe katin da hannu. Mai shara ta ce, "Malama, lafiya? Kin yi fari fat," ta ce ciwon ciki ne, ba ta kuwa yi ƙarya ba. Ta ƙirƙiri kwari, ta ƙirƙiri gada, ta ƙirƙiri dutse, duk ta jibga wa marigayi Mikus. Kowanne ta shafa shi a ƙurar saman kabad, ta lanƙwasa kusurwa.

Da aka fita cin abinci ta buɗe murhu ta zuba katunan na gaskiya. Takardar kafin yaƙi ai ba ta saurin ci. Na 412 ya daɗe yana nannaɗewa, sunan Trine yana nan ɓaro-ɓaro a cikin wuta, ita kuwa tana jin muryoyi suna hawowa. Da yatsa ta tura shi cikin garwashi. Tabon yana hannunta har ta mutu, mu kuwa ta ce mana butar shayi ce.

Alhamis da hantsi Melnis ya zo kamar yadda ya ce. Bai ɗauki akwatin ya tafi ba, ya zauna a gabanta ya lashi yatsa ya fara ƙirga. Awa ɗaya da rabi. Zelma tana tsaye tana kallon yatsunsa. Ya wuce 388 bai tsaya ba. Ya wuce 405. A kan 412 ya zare katin ya ɗaga shi wajen taga.

"Tudun Dinya. Mikus ɗin nan yana raye?"

"Ya rasu, Kwamared Kaftin."

"Kash. Duk masu amfani sun mutu sun bar mu da kurame." Ya leƙa cikin akwatin, ya sa farce ya ɗauko wani abu ɗan mitsitsi baƙi. Murzajjen burodi ne. Ya juya shi a yatsa, ya kalle ta.  "Har yanzu kina ci a kan aiki? Da malaminmu ya gani da kin sha faɗa." Ya jefa a baki ya tauna.

Ya tafi da akwatin, bayan mako biyu ya dawo da shi da kansa, ya ce shirme ne, babu komai ciki sai kududdufai. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Rubutunki bai canja ba ko kaɗan, Zelma. Shekara sha biyu. Abin mamaki."

Yabo ne, ko gargaɗi, ko kuwa ya gane ya kawar da kai, ba ta taɓa sani ba. Ba ta sake ganinsa ba. Washegari ta juya teburinta ya fuskanci ƙofa.

A 1956, da aka yi afuwa, Ansis da Lonija suka fito daga fadama da yarinya 'yar shekara shida wadda ba ta taɓa ganin hanyar mota ba. Trine ta mutu a kan gadonta. Zelma a bakin mutane ta ji, don ba ta sake taka Silupe ba, kada ta ja ido zuwa can. Tsoron bai tafi ba, fuska ya sake. Da aka zo buga littafin sunayen yankin, ba ta da halin cire katuna sha ɗayan nan ba tare da ta faɗi dalili ba, dalilin kuwa har lokacin yana iya kai mutum gabas. Ta zauna ta duba kuskuren bugu a kan ƙaryarta da idonta. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, nata kam ya ƙi ƙurewa, kullum tana jiran ranar. Duk ɗalibin da ya ce zai je Silupe sai ta samo masa wani ƙauyen. In baƙo ya ce yana da tambaya a kan wani kati, sai ka ga ta dafa tebur. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mu kuwa muna cewa tsohuwa ta cika tsanani.

A lokacin zafi na 1990, da mutane suka fara magana da ƙarfi a titi, ta hau bas tana da shekara saba'in da huɗu. Fadamar babu ita. An haƙa magudanai an tsotse ruwan, gonar gandu ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Bas ta sauke ta a wata 'yar rumfa, ta ɗaga kai ta karanta allon tashar: Zoskalns. Daga littafinta suka ɗauko.

Wata gajeriyar mace mai kimanin shekara arba'in tana zaune a rumfar da garwar madara. Zelma ba ta buƙaci tambaya ba, fuskar Trine ce sak.

"'Yata, wannan sunan daga ina?"

"Ai tsohon suna ne, Inna, tun kaka da kakanni. Har a littafi yana nan. An ce wata mata ce ke kiwon dinya a nan, kyarkeci ya cinye su kaf rana ɗaya."

"Ke ce jikar Trine?"

"Ni ce, Mirdza. A ina kika san ni?"

"Tsummokinki na fara gani a shanye bayan tanda. A ina aka haife ki?"

Matar ta yi dariya, ta nuna tsakiyar gona da haɓa. "Can wani wuri, a kan wani tudu. Tarakta ta baje shi. Ba shi da suna. Kakata ta ce ba shi da suna, babana ma har ya mutu 'can' yake cewa."

"Yana da suna," in ji Zelma.

Ta duba hagu, ta duba dama. Babu kowa sai shanu. Ta buɗe baki, leɓɓanta suka motsa, murya ta ƙi fitowa.

"Ɗaga murya, Inna, ba na ji. Wa kike tsoro a nan, saniya?"

Ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta ciro kati daga jaka, don ba ta fita ba kati, ta ɗora a gwiwa ta rubuta sunan. Yadda ake zuwa: babu hanya. Wanda ya faɗa: a nan alƙalaminta ya daɗe a tsaye, sannan ta sa nata sunan da shekarunta. Ta sa kwanan wata, ta miƙa.

Mirdza ta nisantar da katin daga idonta, ta karanta da irin muryar kakarta, wadda ake ji daga ƙarshen gona.

"Kalejsala!"

Kafin ta rufe baki, hannun Zelma ya riga ya kai ya toshe shi. Suka tsaya haka a rumfar, matar ta zaro ido, tsohuwar tana kallon hanya. Babu wanda ya zo. Numfashin Mirdza yana fita da ɗumi a tafin hannunta, a kan tabon, ita kuwa ta kasa janyewa.